Garurar Inna Asabe

Idan ka taɓa bi ta layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ka ga kaza mai koren fiffike tana tsallaka kwata, kada ka yi zaton idonka ne ya fara ba ka matsala. Aikin Inna Asabe ne. Ta fi shekara talatin tana rina kajin gidanmu, har yau kuma in ka kama hannunta ka duba gefen farcenta, za ka ga sauran garurar da sabulu ya gaji ya sallama mata.

Gidan haya ne mai ɗaki takwas, tsakar gida ɗaya, darbejiya ɗaya, da famfo ɗaya da ruwa ke kawo masa ziyara in ya ga dama. A nan aka haife ni, ni Nafisa, a nan aka haifi ƙanena Mu'awiya. Ɗakin Inna Asabe shi ne na ƙurya, jikin akurkin kaji, kuma ita da kanta ta zaɓe shi. Ta ce gara maƙwabtaka da kaji a kan maƙwabtaka da mutane, don kaza ko ta leƙa tukunyarka ba ta kai labari gaba.

Daga wani ƙauye ta fito, can bayan Dawakin Kudu. Mijinta Malam Kabo ciyawa yake yankowa a kan keke yana sayar wa masu kiwo a bakin titin gidan zu. Ni ban riske shi ba. Sun haifi 'ya'ya biyu, duka sun koma tun suna goye, daga nan haihuwar ta tsaya. Da ya rasu 'yan'uwanta suka zo su mayar da ita ƙauye, ta ce ba inda za ta. Mai gidan, Hajiya Fauziyya, wadda ke zaune a gidanta na bene a Tarauni, ta bar mata ɗakin a kan ta riƙa kiwata mata kaji tana sa ido a kan gida. Sauran abin masarufi kuwa daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yake fitowa.

Abu ɗaya ta zo da shi daga ƙauye wanda bai ƙare ba. Ranar da za a kawo ta Kano, mahaifiyarta ta ɗaure wata baƙar kaza ta ɗora mata a cinya. Kazar ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi 'ya'ya, kuma a kowane zubi Inna sai ta ware baƙa guda ta ajiye, ba sayarwa, ba yankawa. Sunansu ɗaya dukkansu: Baƙa. A shekarar da nake ba da labarinta, annobar kaji ta share zuriyar, Baƙa ɗaya tal ta rage, wata mai girman kai da ba ta cin tsaba tare da talakawa. A bakin ƙofar Inna take cin nata, a faranti.

Mu yaran layin, ƙofar ɗakin nan ita ce asibitinmu. Ɗan kurciya ya faɗo daga sheƙa, sai wurin Inna. Kyanwa ta haihu a cikin tsohuwar taya, sai wurin Inna. Har Ekene, ɗan maƙwabciyarmu Mama Ekene mai shagon tireda, ya taɓa kawo mata kwaɗo a leda wai ba ya jin daɗi. Ta juya kwaɗon nan ta duba shi da gaske, ta ce zafi ne ya dame shi, a kai shi gindin randa ya huta. Amma ta kama ka da danƙo kana harbin ƙadangare, to ka yi sallama da ƙuli-ƙuli har sati.

"Su ma 'yan haya ne," haka take cewa. "Sun riga iyayenku tarewa a gidan nan. Ƙadangaren da kake harbi, ka san ƙuda nawa ya raba ka da su yau?"

Maganar garura kuwa, shirwa ce ta jawo ta. Shirwar Gyaɗi-Gyaɗi ba ta da kunya ko ta sisin kwabo, kana tsaye za ta sauko ta sure ɗan tsako a gaban idonka. To in aka tsoma 'yan tsaki a rini suka fito jajaye ko korraye, sai ta yi ta shawagi a sama ba ta gane abincinta ba. Inna ta ƙara wa abin dabara: kowane ɗakin da ke kiwo da launinsa. Namu ja, na Mama Ekene kore, na masu ɗakin ƙofa ruwan ɗorawa. Shuɗi na Hajiya ne, kuma kaza mai shuɗi ko miyarka ta kifar sai dai ka ce mata sannu. In tsako ya girma ya sake gashi, Inna kan ɗiga masa launinsa a fiffike. Baƙa ce kaɗai ba ta da alama, don ba rinin da ke fitowa a jikinta.

Babanmu, Malam Rabi'u, akawu ne a sakatariya, kuma mutum ne mai son doka, musamman in dokar ta faɗo gefensa. Wata rana rigima ta haɗa shi da Mama Ekene a kan wani ƙaton zakara. Kowa ya san a ƙofar Mama Ekene aka ƙyanƙyashe shi, korensa ne ya koɗe, ya je ya goga fiffike a jikin gwangwanin jan rini. Abba ya tara mutanen gida, ya gyara zaman hula, ya ce, "Jama'a, daga yau launi shi ne shaida. Ba tarihi, ba ai-na-san-shi. Abin da ido ya gani a fiffike shi ne hukunci."

Muka ci zakara da shinkafa, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi. Mama Ekene, wadda ta fi wasu Kanawan iya Hausa, ta tsaya a ƙofarta ta ce, "Ba komai, Malam. Allah ya kai mu."

Yanzu ga Mu'awiya. Yana da shekara shida a lokacin, ga in'ina mai tsanani, kafin ya fitar da "Umma" an sauke tuwo. Yara suna kwaikwayonsa, ni kuma ina dukansu, shi ya sa har yau akwai magidanta a layinmu da ke sauya hanya in sun hango ni. Daga baya yaron ya daina magana gaba ɗaya in ba ta zama dole ba. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Wata safiya Abba yana tura babur zai fita, ya bi ta kan ɗaya daga cikin jajayen tsakinmu. Tsakon ya miƙe ƙafa, ido a rufe. Abba ya yi salati, ya duba agogo, ya wuce ofis. Mu'awiya ya ɗauko shi a tafin hannu ya kai ƙofar Inna ya tsaya, ba magana sai hawaye.

Inna ta karɓa ta ajiye a ƙasa, ta kifa masa ƙwarya. "Zauna," ta ce. "Buga a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Kana bugawa kana kiransa."

"Ba... ba... ba na..."

"Ban ce ka yi mini magana ba. Shi za ka yi wa."

Ya durƙusa yana buga ƙwaryar da 'yan yatsu. Na matso na kasa kunne, sai na ji ƙanena yana magana da ƙwarya ƙasa-ƙasa, tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ka tashi, ka ji, zan ba ka gero, zan ba ka gara. Can sai ga 'yar tsuwa daga ciki. Inna ta ɗaga ƙwaryar, tsako yana zaune yana kallonmu kamar mu muka yi masa laifi.

"Rai na Allah ne," in ji Inna, "amma kiwo na wanda ya buga ƙwarya ne." Ta ɗaure masa ƙafar da ta karye da tsinken tsintsiya da zare, ta miƙa masa.

Ashe mace ce. Ta girma ta zama fara sol da ɗigon ja a fiffike, tana ɗingishi, aka sa mata Gurguwa. Inda duk Mu'awiya ya sa ƙafa tana biye, har ƙofar Islamiyya take raka shi ta dawo. Shi kuwa duk abin da ya kasa gaya wa mutane ita yake gaya wa, a gindin darbejiya, tana kan cinyarsa. Rabin tuwonsa a cikinta yake ƙarewa, don haka ta yi ƙiba har tana haki. Ƙwai kuwa ta ce ba da ita ba. Inna ta koya masa wani wasa da suke yi a ƙauye: a cusa kan kaza ƙarƙashin fiffikenta, a lila ta sau uku a hankali, a kwantar. Sai ta yi lamo kamar ba rai. Gurguwa ta ƙware a wannan fiye da kowace kaza a gidan, don dama raguwa ce.

Bayan shekara guda, wata Alhamis da safe muna shan koko, Abba ya ce yayansa Baffa Ɗan'azumi zai zo gobe bayan masallaci. "A tsare mini gurguwar nan kada ta fita. Ci kawai ta iya, gobe ta yi mana amfani."

Umma ta ce, "Haba Malam, ta yaron ce fa."

"Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. In ya so na sayo masa tsaki goma."

Mu'awiya ya buɗe baki. Na ga wuyansa yana motsi, maganar ta maƙale, har Abba ya gama kokonsa ya tashi ba ta fito ba. Kada a fahimce ni ba daidai ba, babanmu ba mugu ba ne. Shi dai a wurinsa kaza kaza ce, kuma baƙo baƙo ne.

Da muka dawo makaranta na ja Mu'awiya zuwa wurin Inna. Tana tuyar ƙuli-ƙuli, na zayyana mata komai, har da ƙari. Ta ci gaba da tuya har ta kwashe kaskon. Sannan ta goge hannu ta ce, "Af, kun tuna mini. Yau ce ranar sabunta launi. Nafisa, ɗebo mini toka da sabulu. Kai kuma riƙe mini ita."

Ta wanke jan nan tas, ta shanya fiffiken a rana, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo gwangwani.

Na ce, "Inna, wannan ai na Hajiya ne."

"Na tambaye ki?"

Ta tsoma tsumma, ta zana wa Gurguwa shuɗi a fiffike, ba ɗigo ba, tafkeken shuɗi wanda ko makaho zai gani daga titin gidan zu.

Ranar Juma'a Abba ya dawo masallaci da Baffa, ya zaunar da shi a ɗaki, ya naɗe hannun riga, ya fito da wuƙa. Ya zaga tsakar gida sau biyu yana neman fara mai ja. Sai ga fara mai shuɗi ta ɗingiso ta wuce ta gabansa, ko a jikinta.

"Inna Asabe!"

"Na'am, Malam. An sauko lafiya?"

"Wannan ai gurguwarmu ce."

Inna ta ƙanƙance ido ta dubi kazar, ta dube shi. "Malam, ka fi ni karatu, ka fi ni ido. Wane launi ka gani?"

"Shuɗi. Amma dubi tafiyarta! Ni na taka ta da babur, bara, a nan wurin!"

Ban san lokacin da Mama Ekene ta rufe shago ta shigo ba. Sai ganinta muka yi ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta harɗe hannuwa, fuskarta kamar ranar Kirsimeti. Ta ce, "Ai wannan tarihi ne, Malam. An ce mana ba tarihi."

Kai! Gidan nan ya ɗauki dariya har masu wanki suka saki guga. Umma ta shige kicin ta toshe baki da zani. Abba ya tsaya da wuƙa a hannu, ya dubi Inna, ya dubi Mu'awiya da ya lafe a jikin darbejiya. Dokarsa ce, da bakinsa ya kafa ta, a gaban shaidu. Ya mayar da wuƙa, ya hau babur ya sayo kifi. Baffa Ɗan'azumi ya ci ya yi santi, ya ce rabonsa da kifi irin wannan tun Sallah. Kwana uku Abba yana amsa gaisuwar Inna da maƙogwaro.

Mu kuwa muka ɗauka an gama. Har tsalle na riƙa yi ina cewa mun ci gari.

Sati biyu bayan nan, ranar Asabar da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Fauziyya ce, ba sanarwa. 'Yarta ta haihu, gobe suna. Inna ta tafi inji niƙa gyaɗa, Mu'awiya yana Islamiyya, Abba ya fita. Hajiya ta tsaya a tsakar gida tana fifita da gefen mayafi, ta ce wa direbanta, "Duk mai shuɗi, kama."

Ya fara kamawa yana ɗaurewa. Gurguwa ma ba ta ba shi wahala ba, ta saba duk hannun da ya miƙo mata abinci ne a ciki.

Mama Ekene ta fito da sauri. "Hajiya, yi haƙuri, waccan ta yaron Malam Rabi'u ce."

Hajiya ta juya fiffiken. "Wane launi ne wannan?"

Mama Ekene ta ja da baya. Muna kallo aka jefa Gurguwa bayan mota tare da sauran.

Da Inna ta dawo na tare ta tun daga ƙofa ina kuka ina ba da labari. Ta sauke ƙullun gyaɗa a hankali ta ce, "Gudun gara, mun faɗa gidan zago." Ta ɗauki ƙwarya da faifai, ta yafa mayafi, muka biya Islamiyya ta roƙi malam ya ba ta aron Mu'awiya, muka kama hanyar Tarauni a ƙafa.

A hanya na ce, "Inna, mu gaya mata gaskiya kawai mana."

"Ke yarinya ce. Hajiya tana yafe asara, shirwa ta ci, annoba ta ci, ba ta taɓa tambayata ba. Abin da ba ta yafewa shi ne a yi wasa da amanarta. In ta ji na ɗauki launinta na yi abin da na ga dama, a ɗakinku zan kwana?" Ta juya wurin Mu'awiya. "Ni ba zan yi ƙarya ba, ban iya ba. Zan dai faɗi abin da na gani. Kai kuma ka san aikinka."

Gidan Hajiya ya cika da mata, tukwane a kan murhu, ana tuyar cincin, ana yankan albasa. Kajin suna ɗaure a bayan gida kusa da famfo, mahauci zai zo bayan la'asar. Inna ta durƙusa gaban Hajiya ta buɗe gaisuwa. Ban taɓa jin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Ta yi barka, ta tambayi mai jego, ta tambayi jaririya, ta tambayi wa ta ɗauko, ta tambayi angon ƙarni da iyayensa da ƙafar Hajiya da ke ciwo shekara uku da suka wuce. Kafin ta kai ƙarshe Mu'awiya ya sulale bayan gida ya dawo, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Inna ta ce bari ta leƙa kajin ta ga ko an ba su ruwa. Jim kaɗan ta ɗaga murya. "Hajiya! Zo ki ga wata nan. Ko motsi ba ta yi."

Hajiya ta zo ta tsaya daga nesa. Ga Gurguwa an kwance ta, tana yashe a gefe ɗaya, ba a ganin kanta, ƙafa a sake. Hajiya ta rufe hanci da mayafi. "Subhanallahi! Zafin bayan mota ne. Ku fitar mini da ita, kada ta shafi sauran."

Inna ta ɗauke ta da hannu biyu ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta miƙo mini. Muka nufi ƙofa. Saura taku biyar mu fita, Hajiya ta ce, "Asabe, dakata a zuba wa yaran cincin."

To a nan ne na yi abin da har gobe ake goranta mini. Ni in gabana yana faɗuwa, yatsuna ba sa zama wuri ɗaya. Muna tsaye ana neman leda, ban sani ba ashe ina ta ƙwanƙwasa gindin ƙwaryar. Kazar da aka tasa da bugun ƙwarya tun tana tsako! Faifai ya yi sama, Gurguwa ta yi tsalle ta dira tana kyarkyara, ta ɗingisa a guje ta tsakiyar mata.

"Mushe ta tashi!" wata ta ƙwala ihu. Aka watse, tiren albasa ya kife, wata tsohuwa ta haye turmi. Gurguwa ba ta zame ko'ina ba sai falon Hajiya, ta ɗare kan kushin. Mu'awiya ya bi ta ya rungumo ta, ya fito ya yi kiciɓis da Hajiya a bakin ƙofa. Bai dubi Hajiya ba. Ya sunkuya a kan kazar, gidan ya yi tsit, kowa ya ji shi yana cewa, "Yi shiru. Ina nan. In za su yanka ki sai sun fara da ni."

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta lashi yatsa ta murza fiffiken, ta ɗaga gashin. Can ƙasa, inda toka ba ta kai ba, ga sauran ja.

"Asabe," ta ce, "biyo ni."

Suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riga na hango kayan Inna a waje, gadonta da kaskonta da gwangwanayen rini, duk saboda yatsuna. Ba mu ji ɗaga murya ba, wanda ya fi ba ni tsoro.

Da suka fito, Hajiya ta tsaya a kan matakala ta yi magana yadda kowa zai ji. "Kazar nan tawa ce, tunda launina ne a jikinta. Na ba wannan yaron kiwo. Duk wanda ya nuna mata wuƙa, da ni ya yi. A gaya wa Malam Rabi'u ni na ce."

Muka dawo gida da kaza da cincin leda biyu, ina tafe ina rawa a titi. Inna tana bayanmu tana jan ƙafa, na ɗauka gajiya ce.

Washegari da hantsi na ga farantin Baƙa a bakin ƙofa da tsabarsa, ba a taɓa ba. Na ce, "Inna, ina Baƙa?"

"Shirwa ta ɗauka," ta ce, tana ta murza ƙuli-ƙuli.

Muka yarda. Uwar kaza mai nauyin nan, wai shirwa! Amma yaro yaro ne. Mu'awiya har jifan sama ya yi ta yi ranar, Inna ta ce ya bari, ita ma shirwar 'ya'ya gare ta.

Gurguwa ta ƙara shekara shida a duniya, ba ta taɓa yin ƙwai ko ɗaya ba, don kada a ce ta sauya hali. Abba da kansa ya koma kiranta Hajiya Ƙarama, in zai fito da babur sai ya ce a duba masa ko tana hanya. Tsufa ne ya kashe ta. Mu'awiya kuwa yanzu yana da shagon abincin kaji da magungunansu a Unguwa Uku, ga gemu, ga mata da ɗa. In'inar tana nan kaɗan-kaɗan, amma ka je ka taya masa kaya da arha ka ji yadda magana ke zuba.

Bara aka yi wa Inna aikin ido. Muna zaune a ƙofar ɗakinta ni da Mu'awiya, sai ga Hajiya Fauziyya ta zo dubiya, jikarta tana riƙe da hannunta, wadda aka yi sunanta a wancan karon. Hira ta yi hira har aka gangaro kan ranar da mushe ta tashi, muka yi ta dariya har da hawaye.

Hajiya ta share ido ta ce, "Ni abin da ya tsaya mini a rai baƙar nan ce. Na ce mata kaza ta fita, kaza ta shigo, shi ke nan magana ta mutu. Na ɗauka kasuwa za ta je ta samo ko wace iri. Da sassafe sai ga ta a ƙafa da baƙar kazarta a hammata. Ta ce wadda ta taɓa amana ba da kazar kasuwa take biya ba. Ni kuma ina cikin hidima, ban san tarihin kazar ba sai daga baya, an riga an ci."

Na daina dariya. Na dubi Inna. Tana zaune da auduga a ido ɗaya, tana wasa da bakin zaninta.

Na ce, "Inna, kin ce shirwa ce."

"Na ce."

"Ke da ba kya ƙarya?"

"Sau ɗaya a shekara saba'in, ke ma kya yi mini gori? Ke da ba ki iya riƙe ƙwarya ba?"

Na juya wurin Mu'awiya. Ya buɗe baki, na ga wuyansa yana motsi kamar ranar koko, maganar ta ƙi fita. Ƙaton mutum mai gemu ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa gaban Inna, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma hawaye nake, ba zan yi musu ba.

Inna ta laluba gefenta ta jawo ƙwaryar da take auna gyaɗa, ta zazzage ta, ta kifa masa a ka, a kan hularsa. Ta shiga ƙwanƙwasawa da yatsunta masu sauran shuɗi, a hankali, kamar mai sallama a ƙofar surukai.

"Tashi, ka ji," ta ce. "Tashi, zan ba ka ƙuli-ƙuli."